Wa Ya Ce Babu Waya Cikin Waya?

Tun ranar da bakina ya suɓuce a teburin mai shayi na bakin tasha a Boɗinga, na ce muryar da ke fita daga wayar salula sai ta bi igiyar waya ta gaske kafin ta kai kunnen wanda aka kira, ban sake shan shayi da kwanciyar hankali ba. Ina zama ake taɓa juna. Wani dattijo da nake kira Baffa ya ɗaga wayarsa sama, ya juya ta gaba da baya kamar mai cinikin zabo, ya ce: "Wanga yaro boko ya gama da shi. Ga abu hannuna, babu igiya babu zare, kac ce mani shina bin waya?" Aka kwashe da dariya. Har mai shayin, wanda nake bi canjin naira ɗari biyu, ya samu bakin dariya.

To Baffa, Allah ya ja da ranka, ni ba zan ja da furfura a bainar jama'a ba, shi ya sa na koma takarda, inda ba mai katse ni. Da kai da sauran masu ja, na Boɗinga da na Shagari, ku matso kusa.

Abin da ke hannunka, me kake kiran sa? Waya. Kai da bakinka ka raɗa masa sunan igiyar ƙarfe, sannan ka zo kana rantsuwa babu ita. Iskar da kake taƙama da ita ɗan gajeren zango ce, daga aljihunka zuwa ƙarfen sabis ɗin da kake hange. Daga kan ƙarfen igiya ce ke sauko da maganarka zuwa akwatin da ke gindinsa. Daga nan ko dai a harba ta zuwa wani ƙarfen ta wannan farin abu mai kama da ganga da ke maƙale a sama, ko a zura ta cikin wayar gilashi da aka binne a gefen titi. Idan ɗanka na Makka kake kira, sai ta dangana da bakin teku ta nutse. Wanda ya manta ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Ranar iska tana nan lafiyarta ƙalau, amma bankuna da masu POS sun ji a jikinsu.

Wannan ba ita ce gardamar da ta dame ni ba. Wadda ta dame ni ta fito ne daga bakin wani direban Shagari, kuma na yaba masa, ko da yake ban faɗa a gabansa ba don kada kansa ya kumbura. Ya ce: "Mun ji. Amma ai wuta in tat yi nisa rauni takai. Mu da muka ƙarshen layi ƙwanmu kamar garwashi ya ka ci. To ƙaƙa anka yi murya ka zowa daga Makka garau, alhali zamanin tangarahu in ka kira Kaduna sai ka yi ihu?"

Madalla da direba. Ba mamaki, garinsu ne ya fitar da Alhaji Shehu Shagari, wanda ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato tun kafin siyasa ta ɗauke shi, da alama alli bai ƙare a garin ba. Gaskiyarka, saƙo yana rauni a cikin waya, kuma raunin ya fi yadda kake zato muni. Bari in ɗauki layin da ake kira E1, wanda ya yi dakon kiran waya tsakanin ƙarafan sabis da manyan tashoshi a farkon zuwan GSM Nijeriya a 2001, kuma har yau ba a gama sallamar sa ba. Muryarka ana auna ta sau 8,000 a daƙiƙa guda, kowane awo a mai da shi lambobi takwas na sifili da ɗaya. Layi guda yana ɗaukar kira 30 a lokaci ɗaya, da gurbi biyu na hidimar layin kansa, jimilla lambobi 2,048,000 a kowace daƙiƙa. Kowace "ɗaya" ana tura ta a matsayin bugun wuta mai ƙarfin bolt 3, kowace "sifili" kuma shiru ne. Idan wannan bugu ya yi tafiyar kilomita biyu ko kusa da haka a cikin siririyar wayar jan ƙarfe, abin da ke isa ƙarshe yana iya zama kashi ɗaya cikin 140 na abin da aka tura. Masu sana'ar suna ce wa wannan asara desibel 43, kuma akwai na'urorin karɓa da aka ƙera su iya karanta saƙo a wannan hali. Ka aiki yaro da tiya 140 ta gero, ya iso da tiya ɗaya, kuma a ce sai an ciyar da gida.

Da rauni ne kaɗai da sauƙi. Waya tana da son kai wajen cin amana: ta fi cinye ɓangaren saƙo mai saurin kaɗawa, ta bar mai nauyi ya wuce. Dalili kuwa, wuta mai saurin juyawa ba ta shiga tsakiyar ƙarfe, a fatarsa take gudu, hanya ta ƙuntata mata. Duk wanda ya taɓa kwana a gona ya ji kiran asalatu daga Sifawa ya san abin da nake nufi. Amon ladan yana isowa, amma haruffan sun narke, babu "s" babu "t" babu "k", sai dogon sauti. Ka san kiran salla ne don ka haddace shi. Da sanarwar ɓatan akuya ce da ba ka san launinta ba.

Bugun da ya tashi da kafaɗunsa a tsaye sai ya iso a kwance, ya yi doguwar jela. Jelar nan kuma ba ta tsaya a gurbinta ba, sai ta shiga gurbin na bayanta. Direba, wannan taka ce: hanyar burji da rani, motar gaba ta wuce amma ƙurarta tana nan, kai da ke tsaye a gefe ba ka iya cewa akwai wata mota a bayanta ko babu. Sifili ya yi kama da ɗaya don ƙurar maƙwabcinsa ta rufe shi.

Nan ne mai gidan kallon ƙwallo ya tsoma baki, shi da ya yi imani babu ciwon da amfilifaya ba ta warkarwa. "A ƙara wuta mana! A sa busta!" Alhaji, an riga ka, kuma wanda ya riga ka bai ji daɗi ba. A watan Agusta na 1858, lokacin Sarkin Musulmi Aliyu Babba yana kan gado, Turawa suka gama shimfiɗa igiyar tangarahu ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, daga Ayalan zuwa Niyufanlan. Gaisuwar Sarauniya Biktoriya ga shugaban Amurka James Buchanan, kalma 98 kacal, ta ci wajen awa 16 kafin a gama karɓar ta, saboda wannan jela da nake faɗa. Mai kula da wutar kamfanin igiyar, Wildman Whitehouse, likitan tiyata ne a asali, kuma ra'ayinku ɗaya da shi. Ya ɗura wa igiyar wuta har kusan bolt 2,000. Igiya dama ba ta da cikakkiyar lafiya, cikin 'yan makonni ta yi shiru har abada. Abokin gardamarsa William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya ce maganin yana wajen mai sauraro. Ya ƙera na'ura mai ɗan mitsitsin madubi da aka rataye, wuta kaɗan ta motsa shi, hasken fitila ya faɗa kansa ya yi rawa a jikin ma'auni, mutum ya karanta. A 1866 da aka shimfiɗa sabuwar igiya, wani injiniya mai suna Latimer Clark ya haɗa batir a cikin 'yar hular yatsa ta masu ɗinki, ya aika saƙo da shi ya haye teku ya dawo. Amfilifaya ba ta san saƙo ba, ba ta san shara ba. Abin da ta tarar shi take kumburawa, da bugun da jelar da hayaniyar janareto baki ɗaya. Ƙara wa rediyo murya bai taɓa mai da shuuu ya zama labaran duniya ba.

To me ɗan guntun na'urar karɓa da ke ƙarshen layi yake yi, wanda bai fi farcen babban yatsa ba?

Tun daga ƙofa akwai dabara. Wayar guda biyu ce a murɗe da juna kamar igiyar guga, kuma na'urar ba ta tambayar nawa ne a kan wannan ko nawa ne a kan waccan. Bambancin da ke tsakaninsu kawai take aunawa. Mangala ce a bayan jaki: ruwan sama in ya sauka ya jiƙa ɓangaren dama da na hagu daidai, nauyi ya ƙaru amma rinjaye bai sauya ba. Tsawa ko tartsatsin injin niƙa in ya faɗa kan wayoyin, ya faɗa musu tare, sai ya soke kansa.

Daga nan sai ikwalaiza. Yaran da ke kiɗan biki da manyan lasifikoki sun san sunan, sun san maɓallan da ake turawa sama da ƙasa. Aikinta a nan ta yi wa waya kishiya: abin da waya ta fi ci shi za ta fi ɗagawa, abin da waya ta bari ta bar shi, har kafaɗun bugun su miƙe, jelar ta gajarce. Matsalar ita ce na'urar ba ta san tsawon wayar da za a ɗaura mata ba. Mita hamsin ce ko kilomita biyu? Ko da ta sani, waya ba ta zama da hali ɗaya. Taurin kan jan ƙarfe ga wucewar wuta yana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Ku lissafa da kanku tsakanin asubahin hunturu, lokacin da Baffa ke naɗe da bargo yana neman wanda zai hura masa wuta, da azahar ɗin watan Afrilu da muke haura digiri 40. Wayar da ke shanye a rana ta zama wata waya daban. Saboda haka ikwalaizar da kanta take murɗa maɓallanta, tana duba abin da ya fito, tana gyarawa, dare da rana. Robert Lucky na ɗakin binciken Bell a Amurka shi ya fito da wannan dabara ta gyaran kai a 1965. A layuka masu tsananin sauri akwai ƙari a kai: da zarar na'ura ta yanke cewa abin da ya wuce ɗaya ne, ta san irin ƙurar da ɗaya ke bari, sai ta lissafa ta ta share daga kan na baya. Haɗarin a bayyane yake. In ta yi kuskure a na farko, za ta share ƙurar da babu, ta ɓata na biyu.

Bayan gyara sai hukunci. Akwai alƙali a ciki wanda bai san sulhu ba. An ja masa layi wajen rabin tsayin bugun da ke isowa, kuma layin yana bin tsayin, in bugu ya rage shi ma ya sauko. Abin da ya haura ɗaya ne, abin da ya gaza sifili ne, babu ɗaukaka ƙara.

Na ga malamin firamaren nan mai ritaya yana gyara tabarau, na san abin da zai ce, don shi ba ya tambaya sai wadda ya tabbata za ta kunyata mutum. "Yaushe alƙalin zai duba?" Malam, ka taɓa inda ke ciwo. Kowace lamba gurbinta bai kai rabin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. A duba da wuri a ga jelar na gaba, a makara a ga goshin na baya. Kuma babu wata waya ta daban da ke kawo agogo. Ka ce kowa ya riƙe agogonsa? Ƙa'idar E1 ta yarda agogo ya kauce da kashi 50 cikin miliyan, wato lambobi wajen ɗari a kowace daƙiƙa. Kafin ka gama sallama lissafi ya watse.

Amsar tana tsakar gidanku, Malam, in kana leƙawa. Mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, ta uku ta zo da taɓaryarta. Wa ke ƙirga mata? Ba kowa. Ta tsaya ta saurara, kafaɗarta ta kama kiɗan, ta faɗa ciki. In suka ƙara sauri ta ƙara, in suka lafa ta lafa, taɓarya ba ta karo da taɓarya. Na'urar karɓa tana da ɗan agogonta mai iya sauri da jinkiri, duk lokacin da bugu ya iso sai ta gwada: na riga shi ko ya riga ni? Ta gyara kaɗan. Da haka take ciro agogon mai aikawa daga cikin saƙon kansa, ta sa alƙali ya duba a tsakiyar gurbi cif.

Har luguden ma an tsara shi. Bugun ɗaya ba ya fuskantar gefe guda kullum: wannan ya yi sama, na gaba ya yi ƙasa, na bayansa sama, kamar taɓarya biyu suna karɓa-karɓa. Amfaninsa wuta ba ta taruwa gefe ɗaya, saƙo ya iya ratsa 'yar taransifomar da ke tsare ƙofar na'ura, kuma in aka ga biyu a jere sun fuskanci gefe ɗaya an san an yi ɓarna a hanya. Saura matsala guda. Sifili shiru ne, to in saƙo ya zo da sifili ɗari a jere fa? Masu daka sun ajiye taɓarya, ta ukun ta rasa kiɗa. Sai aka kafa doka mai suna HDB3: ba a yarda shiru ya wuce gurbi uku ba. A gurbi na huɗu mai aikawa zai saka bugun ƙarya, kuma da gangan zai sa shi ya fuskanci gefe ɗaya da bugun da ya gabace shi. Mai karɓa na ganin an karya karɓa-karɓa a wannan tsari ya san ba saƙo ba ne, tari ne aka yi masa don ya san ana nan. Ya gyara agogonsa da shi, ya goge shi, ya mayar da sifilansa. Ni dai duk cikin sana'ar nan babu abin da ya fi burge ni kamar wannan: laifi da aka mayar ishara. Wanda ya ƙirƙiro shi ya zauna da surukai.

Masu gyara suna da hanyar ganin duk wannan da idonsu, kuma sunan abin ma ido ne. Su ɗora dubban bugu a kan juna a fuskar na'urar awo, sai wani fili mai siffar ido ya bayyana a tsakiya. In ido a buɗe yake, alƙali yana da sarari. In ya kankance kamar na Baffa lokacin da aka ambaci kuɗin shayi, kuskure ya kusa.

Yanzu direba, ga amsarka. Layin tarho na da murya yake ɗauka yadda take, kowace tasha ta kumbura ta tare da dattin da ta kwaso, datti kan datti har Kaduna. Na yanzu kuwa, da alƙali ya ce ɗaya ce, ba a tura gajiyayyen bugun gaba. Jefar da shi ake yi a buga sabo fil, bolt 3 cif, a kan sabon agogo. Mu nan bai kamata wannan ya zama baƙon abu ba. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa har 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi yana nan Boɗinga, kuma littattafan da aka rubuta a wancan zama ba takardun farko ne suka kai ko'ina ba. Almajiri ya samu kwafin da tawada ta koɗe, gara ta ci gefe. Ba ya zana koɗewar, ba ya kwaikwayon cin garar. Ya duba ya yanke: wannan ba ce, ɗigo ɗaya a ƙasa, waccan ta ce, ɗigo biyu a sama. Ya rubuta da sabuwar tawada. In ya karanta daidai, kwafi na goma bai fi na farko tsufa ba. In kuwa koɗewar ta wuce misali ya ɗauki ba a matsayin ta, kuskuren zai tafi gaba da kyakkyawan rubutu, babu alamar shakka a jikinsa. Shi ya sa ake sa tashar sabuntawa tun saƙo bai gama mutuwa ba. Layin T1 na Amurka da aka fara a 1962 kowace ƙafa 6,000 ake sa ta. Shi ya sa kuma aka ce igiyar da ke haɗa kwamfutoci a cibiyar jarrabawa kada ta wuce mita 100, ko da mai kwangila ya rantse tasa ta musamman ce. Wayar gilashi ma ba ta tsira ba: mai kyau tana zubar da rabin haskenta a kowace kilomita 15, kafin haske ya taso daga Sakkwato ya iso mu fiye da rabi ya tafi. Ita dai asararta da sauƙi, shi ya sa ta kori jan ƙarfe daga doguwar hanya.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa abin zamani ba ya rauni a hankali kamar rediyo. Ko garau ko babu. Alƙali yana daidai, yana daidai, har ranar da hayaniya ta kai layin da aka ja masa, sai hoto ya farfashe kamar an taka madubi, daidai lokacin bugun fanareti.

Wannan ya dawo da ni kanka, Alhaji mai gidan kallo. Risibarka tana nuna sanduna biyu, na ƙarfi da na inganci, kai kuma na ƙarfin kaɗai kake kallo. Ya cika taf, hoto babu, kana zagin gajimare. Sandan farko yana faɗa maka akwai amo a waya, na biyu yana faɗa maka ko ana gane haruffan. Saƙon nan ya sauko daga tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000, ya faɗa kwandonka lafiya. A mita ashirin na ƙarshe ya gamu da ajalinsa, cikin igiyar da na gani da idona: an yi mata ƙari biyu da leda, rana ta fasa bayanta, akuya ta ɗanɗana, ruwan bara yana kwance a bakin kusar da ke ɗaure ta. Kowane ƙari yana mayar da wani ɓangare na saƙon baya ya dawo a makare kamar amsa-kuwwa, kuma bustar da kake shirin saye za ta kumbura wannan ɓarna ne kawai.

Ka sayi igiya guda mai kyau wadda ba ta da ƙari, ka rage tsawonta, ka sa sabon kai, ka naɗe shi da tef kafin ruwan farko. In inganci bai tashi ba, shayin majalisa na mako guda a wuyana, har da na Baffa mai madara biyu.